Gyara Biyu da Suka Cinye Juna: Tarihin Wata Dabarar Ƙulla Labari



Duk wanda yake halartar zaman karatun da muke yi a ƙungiyar marubuta ya san inda akasarin labaranmu suke dosa. Da zarar labari ya fara sanyi sai mu nemo mugu: kishiya ta nufi gidan boka, uwar miji ta sa wa amarya ƙahon zuƙa, aminiya ta ci amana. In aka zare mugun nan, labarin ya zube. Har wasunmu sun ɗauka ba a samun rikici sai da baƙar zuciya. Alhali da dama daga cikin abubuwan da suka taɓa sa mu kuka a gidajenmu, masu ƙaunarmu ne suka jawo su, kuma da kyakkyawar niyya.

Akwai wata tsohuwar dabara da take gina labari a kan wannan. Mutum biyu, kowanne yana so ya gyara abu, kowanne ya yi nasa gyaran bai sanar da ɗayan ba, sai gyaran wannan ya kashe na wancan. Ba gyaran gangar Auzinawa muke nufi ba, inda mutum ɗaya ya taɓa abu ya ƙara lalata shi. A nan kowane gyara daidai yake in shi kaɗai ne. Haɗuwarsu ce take jawo asara. Bari mu bi sawun dabarar mu ga hannuwan da ta ratsa.

Daga cikin tsofaffin wuraren da muka same ta akwai tatsuniyoyin da ake jingina wa Aesop na ƙasar Girka, wanda ake cewa ya rayu a ƙarni na shida kafin haihuwar Annabi Isa, Alaihis Salam. Wani magidanci ne furfura ta fara fito masa, yana tare da mata biyu, ɗaya yarinya, ɗaya ta manyanta. Yarinyar ba ta so a gan ta da tsoho, sai ta riƙa tsige masa furfura. Babbar ba ta so a ce ta girme shi, sai ta riƙa tsige baƙin gashin. Kowacce tana ganin gyara shi take yi, har ya wayi gari da sanƙo tal. Mawaƙin Rum, Phaedrus, ya rubuta labarin da Latin a ƙarni na farko, La Fontaine na Faransa kuma ya sa shi cikin littafin tatsuniyoyinsa na 1668, inda ya mai da matan zawarawa biyu.

Labarin ya shiga har littafin Talmud na malaman Yahudawa, kuma yadda aka yi amfani da shi a can ya shafe mu. Wani malami ne mutum biyu suka zauna a gabansa, ɗaya yana so a karanta hukunce-hukunce, ɗaya yana so a ba da ƙissoshi. Duk wanda ya fara, sai ɗayan ya katse shi. Sai ya buga musu misali da mai mata biyun nan. Wanda ya taɓa miƙa rubutunsa ga mutum biyu, wannan ya ce a rage soyayya a ƙara wa'azi, wancan ya ce a rage wa'azi a ƙara soyayya, ya san yadda littafi yake yin sanƙo.

A wannan zangon dabarar ta ban dariya ce. Muna kallon mutanen daga nesa, ba wanda ya sadaukar da wani abu nasa, kuma niyyar matan da son kai a ciki. Asarar ma gashi ce kawai.

Wanda ya ɗora wa dabarar nauyin rai shi ne William Shakespeare na Ingila, a wasan Romeo and Juliet da aka fara bugawa a 1597. Shi ma ba shi ya ƙago labarin ba, ya samo shi ne daga doguwar waƙar Arthur Brooke ta 1562. Yawancinmu mun san shi a matsayin labarin gaba tsakanin gidaje biyu a birnin Verona na Italiya. Amma in muka duba ƙarshensa da kyau, ba maƙiya ne suka kashe masoyan ba.

Juliet ta auri Romeo a ɓoye, sannan aka kore shi daga gari saboda ya kashe ɗan uwanta Tybalt. Mahaifinta ya ga kuka ya ƙi ƙarewa, ya ɗauka makokin mamacin take yi, sai ya yanke a ɗaura mata aure da Paris ranar Alhamis don a share mata hawaye. Gyara na farko ke nan. Malamin coci, Laurence, wanda shi ya ɗaura auren ɓoyen, ya ba ta wani magani da zai sa ta zama kamar gawa na awa 42, da nufin Romeo ya zo ya ɗauke ta daga hubbaren danginta. Gyara na biyu ke nan. Don shirin ya tafi daidai, Juliet ta koma gida ta nuna ta amince da auren. Murna ta kama uban, ya dawo da bikin ranar Laraba, dole ta sha maganin kwana ɗaya kafin lokacin da aka tsara. Wasiƙar da malamin ya aika wa Romeo a garin Mantua ta maƙale, domin an kulle ɗan aiken a wani gida da ake zargin annoba ta shiga. Shi kuwa yaron Romeo, Balthasar, saboda biyayya ya garzaya ya gaya wa ubangidansa cewa Juliet ta rasu. Uba mai tausayi, malami mai son sulhu, bara mai amana: su uku suka haɗu suka kai masoyan kabari.

Mu lura da abin da Shakespeare ya yi da mai kallo. Bai ɓoye mana komai ba. Mun san Juliet ba ta mutu ba a lokacin da Romeo yake sayen guba. Wannan sanin ne yake sa zuciya ta tsinke, domin muna ganin ramin, shi ba ya gani.

Zango na uku a Amurka yake. William Sydney Porter, wanda aka haifa a 1862 ya rasu a 1910, duniya ta san shi da sunan O. Henry. Ya yi zaman kurkuku daga 1898 zuwa 1901 bisa laifin taɓa kuɗin bankin da ya yi wa aiki, kuma yana ciki yana rubuta gajerun labarai. A watan Disamba na 1905 wata jarida a New York ta buga labarinsa The Gift of the Magi, a 1906 kuma ya fito cikin littafinsa The Four Million.

Labarin gajere ne ƙwarai. Della da mijinta Jim talakawa ne, suna hayar ɗaki a kan dala 8 a mako, albashin Jim ya sauko daga dala 30 zuwa 20. Jajibirin Kirsimeti ya zo, abin da Della ta iya tarawa dala 1 da santi 87 ne. Abu biyu gidan yake taƙama da su: gashinta da ya sauka har ya wuce gwiwa, da agogon zinarensa na aljihu da ya gada daga mahaifinsa da kakansa. Ta sayar da gashin a kan dala 20, ta sayo wa agogon sarƙa a kan dala 21. Da yamma Jim ya shigo ya tsaya yana kallonta kamar an dasa shi. Ashe ya sayar da agogon ya sayo mata matazan ado na gashi da ta daɗe tana sha'awa a wani kanti. Ga sarƙa babu agogo, ga matazai babu gashi.

Abu biyu O. Henry ya canza. Na farko, ya sa kowanne ya biya da abin da ya fi so, ba da kan wani ba kamar matan Aesop. Na biyu, ya tsare mu a gefen Della kaɗai, bai bari mun ga abin da Jim yake yi ba sai a ƙarshe. Saboda haka kyautar ta tashi a banza, amma kowannensu ya gano matsayinsa a zuciyar ɗayan. Jim bai yi faɗa ba, bai yi dogon jawabi ba. Cewa ya yi a adana kyaututtukan tukuna, a ɗora abinci.

Dabarar ba ta tsaya a nan ba. Masu kallon finafinan Indiya a cikinmu za su tuna da Raincoat na 2004, wanda Rituparno Ghosh ya ba da umarni, Ajay Devgn da Aishwarya Rai suka fito. A kan labarin O. Henry aka gina shi. Tsofaffin masoya ne suka haɗu a birnin Kolkata, kowanne yana yi wa ɗayan ƙaryar wadata. Shi ya ɗauki kuɗin da ya roƙo don yin jari ya biya mata bashin haya a ɓoye, ita kuma ta saka masa awarwaronta na zinare a aljihun rigar ruwa. Babu Kirsimeti, babu gashi, babu agogo. Ƙashin bayan labarin kawai aka ɗauka, aka sa masa tsokar Indiya.

Wannan hanyar ba baƙuwarmu ba ce. Abubakar Imam, wanda littafinsa Ruwan Bagaja ya fito daga gasar rubutu ta 1933 da aka shirya a Zariya, ya ɗebo labaran Magana Jari Ce daga wurare da dama, har da Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai. Amma ya sa musu riga da hula har suka zama 'yan gida. Aron dabara ba sata ba ne. Sata ita ce mu kwashe labarin Della da Jim mu canza musu suna zuwa Delu da Jamilu.

To, ta yaya za mu yi namu? Abu na farko, kowane gyara ya zama mai hankali in an dube shi shi kaɗai. In mai karatu ya ce wannan ai wauta ce, dabarar ta mutu. Na biyu, kowanne ya yi asarar abin da muka riga muka ga darajarsa a farkon labari. Na uku, mu zaɓi abin da muke so mai karatu ya ji: in fargaba ce, mu nuna masa ɓangarorin biyu kamar Shakespeare, in mamaki ne, mu ɓoye ɗaya kamar O. Henry. Na huɗu, kuma mafi wuya, a sami dalilin shiru. A zamanin da kowa yake da waya a aljihu, mai karatu zai tambaya me ya hana su magana. Cewa caji ya ƙare ko babu sabis ba amsa ba ce. Dalilin ya fito daga halin mutanen.

A nan muke da jarin da ya kamata mu mora: kunya, kawaici da kara. Ga misali. Wani manomi yana da shanun noma biyu da tsohuwar garma da ta ci ta cinye. Ɗansa na fari yana shekarar ƙarshe a makaranta a birni. Yaron ya zo hutu ya ga wahalar tsohon, sai ya koma ya ajiye karatu bai gaya wa kowa ba, ya kama leburanci har ya sayi sabuwar garma. Uban kuwa ya ji an ƙara kuɗin makaranta, sai ya kai shanun kasuwa. Me ya hana su magana? Uban ko sunan yaron ba ya faɗa, saboda ɗan fari ne. Yaron kuma ba zai iya duban idon mahaifinsa ya nuna masa ya gaza ba. Ranar da aka sauke garma daga kan mota, turke ba komai sai igiya. Babu boka, babu kishiya, amma wa zai karanta wannan bai ajiye numfashi ba?

Kada mu ɗauki misalin nan, mu nemo namu. Aikinmu na wannan mako shi ne gajeren labari da bai wuce kalma 600 ba, mutum biyu, gyara biyu, ba mugu ko ɗaya. Kafin mu turo, mu tambayi kanmu: in ɗayansu ya buɗe baki ya yi magana tun farko, me zai rasa? In ba mu da amsa, labarin bai nuna ba tukuna.

Allah ya ƙara mana basira, ya yi wa alƙalumanmu albarka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.