HAJIYA BILKISU: MACE MAI KAMAR MAZA

Yau tarihin Hajiya Bilkisu Yusuf zan ɗan gutsuro mana, don na lura da yawanmu mun san sunayen mawaƙa da 'yan wasa, amma in aka ce mu ambaci mace ɗaya 'yar jarida daga Arewa sai mu yi tsuru-tsuru.

An haife ta a shekarar 1952. A zamanin da ake cire 'ya mace daga aji da ta fara tasawa, ita sai da ta kai Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta karanta kimiyyar siyasa. Daga nan ta wuce Jami'ar Wisconsin a Amurka ta yi digiri na biyu, ta kuma je Mosko ta ƙaro ilimin aikin jarida.

A 1983 aka ba ta editar jaridar Sunday Triumph ta Kano. A 1987 ta koma Kaduna ta riƙe New Nigerian, wadda a lokacin ita ce babbar muryar Arewa. Kada ku ɗauka kujera ce ta shan iska. Jaridun nan biyu na gwamnati ne, kuma yawancin shekarun soja ke mulki. A 1984 Doka ta 4 ta kai 'yan jarida biyu na Guardian kurkuku. A 1986 aka kashe Dele Giwa da bam a cikin ambulan, a gidansa na Legas. Edita a wannan zamani gaba kura ce, baya sayaki: in ka faɗi gaskiya masu mulki su yi fushi, in ka ɓoye ta masu karatu su raina ka. To, a haka mace ta zauna, maza suna kawo mata rubutu tana dubawa.

A 1990 ita da wasu abokan aikinta suka kafa mujallar Citizen a Kaduna, wadda ba ta gwamnati ba ce. Daga baya ta daɗe tana sharhi a jaridar Daily Trust.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ta fahimci siyasa. A wajenta ba rikicin jam'iyya kaɗai ba ce. In mace ta rasu wajen haihuwa don asibiti ba jini ba ungozoma, siyasa ce. In yarinya na yawo da faranti a ka sa'o'inta suna aji, siyasa ce. Shi ya sa ba ta tsaya kan alƙalami ba, tana cikin matan da suka kafa ƙungiyar FOMWAN a 1985.

Allah Ya karɓi ranta ranar 24 ga Satumba, 2015, a turmutsutsun Mina wajen aikin Hajji.

To, uwargida, ga tambayata. Sau nawa aka ce miki boko na lalata tarbiyya? Ga wadda ta je Amurka, ta je Mosko, ta dawo da addininta, ta cika a ƙasa mai tsarki. In an zo maganar cire 'yarki daga makaranta, kada ki ce ba ruwanki. Ki yi wa maigida magana cikin ladabi, ki ba shi labarin Bilkisu.

Allah Ya jiƙan ta, Ya sa Aljanna ce makomarta, amin.