Yadda Tsararre Ya Sami Hakkin Jin Dalili Da Harshensa A Ƙasar Indiya

Tsarewa iri biyu ce. Akwai wadda kowa ya sani: a zargi mutum da laifi, a kama shi, a kai shi gaban alƙali, a kawo shaidu, in abu ya tabbata a ɗaure shi, in bai tabbata ba a sallame shi. Akwai kuma wadda a ke kira tsarewar rigakafi. A nan mutum bai yi kome ba tukuna, tsoro a ke yi kada ya yi. Wani babban ma'aikacin Gwamnati ya sa hannu a takarda, 'yan sanda su ɗauke shi su kai kurkuku, babu shari'a, babu shaidu. Mahukunta su kan ce rigakafi ya fi magani. To, amma wanda aka kulle saboda abin da bai aikata ba, da me zai kare kansa? Mutanen Indiya sun daɗe suna fama da wannan tambaya, kuma labarinsu abin lura ne.

Asalin abin tun zamanin mulkin Ingilishi ne. A shekarar 1818 kamfanin Turawan da ke mulkin ƙasar ya kafa wata doka a lardin Bengal, wadda ta ba Gwamnati ikon tsare mutum ba tare da shari'a ba, ba kuwa a yanka masa ranar fita ba. Da ita aka kama wani shugaban jama'a mai suna Lala Lajpat Rai a 1907, aka kai shi Mandalay ta ƙasar Bama. Bayan Yaƙin Duniya na Farko, a 1919, aka ƙara wata, wadda a ke kira Dokar Rowlatt, da sunan jojin da ya ba da shawararta. Mutanen ƙasar suka yi mata kirari da kalmomi uku waɗanda ko Bahaushe ya ji zai gane: ba dalili, ba wakili, ba afil. Wakili a bakinsu shi ne lauya. Mahatma Gandhi ya kira mutane su rufe kasuwanni su ƙi dokar. Ran 13 ga Afrilu, 1919, wani Janar Dyer ya sa soja suka buɗe wuta a kan taron jama'a a garin Amritsar. Gwamnati da kanta ta ce mutum 379 suka mutu, mutanen ƙasar kuwa suka ce sun fi haka nesa. Aka soke dokar a 1922, amma da Yaƙi na Biyu ya zo aka koma gidan jiya. A 1942 aka tsare Gandhi da Jawaharlal Nehru da dubban mabiyansu, Nehru bai fito ba sai 1945.

Da Indiya ta sami mulkin kai a 1947, mutane da yawa suka zaci waɗanda suka ɗanɗani kurkuku za su binne wannan al'ada. Amma ƙasar ta rabu biyu, jini ya kwarara tsakanin Hindu da Musulmi, ga kuma tawaye a waɗansu lardunan. Saboda haka masu rubuta Tsarin Mulki, a ƙarƙashin Dokta Ambedkar, suka bar wa Gwamnati wannan iko, suka dai yi masa takunkumi a sashe na 22. Wanda aka kama bisa zargin laifi yana da hakkin ganin lauya, kuma dole a kai shi gaban alƙali cikin awa 24. Wanda aka tsare don rigakafi ba shi da waɗannan, sai aka ba shi abu uku a madadinsu. Na ɗaya, a sanar da shi dalilan tsare shi da gaggawa. Na biyu, a ba shi dama tun da wuri ya kai kukansa. Na uku, kada a wuce wata uku da shi sai wani kwamiti na mutanen da suka kai matsayin jojin Babbar Kotu ya duba ya ce akwai hujja.

Tsarin Mulkin ya fara aiki ran 26 ga Janairu, 1950, wata guda bayan haka Majalisa ta zartar da Dokar Tsarewar Rigakafi. Wani ɗan kwaminis, A. K. Gopalan, ya kai ƙara Kotun Ƙoli yana neman a rushe ta. Kotu ta bar dokar a tsaye, amma ta soke sashe guda wanda ya hana tsararre ya nuna wa kotu dalilan da aka ba shi. Tun daga ran nan takardar dalilai ta zama ita ce kaɗai sandar da ke hannun tsararre.

To, a nan maganar harshe ta shigo. Indiya ƙasa ce mai harsuna da yawa. Tsarin Mulki ya lissafa manya 14 a farko, daga baya suka kai 22, kuma yawancinsu kowanne da irin baƙaƙensa. Hindi da Urdu ma, ko da ya ke masu su suna jin juna a kasuwa, rubutunsu daban ne, kamar boko da ajami. Aikin ofis kuwa a wancan lokaci da Turanci a ke yinsa, alhali kaɗan ne cikin talakawa su ke jinsa.

A watan Afrilu na 1961 Majistare mai mulkin gundumar Nagpur, wanda matsayinsa ya yi kama da na Di'o, ya sa aka tsare wani mutum mai suna Harikisan. Aka miƙa masa umurnin tsarewa da takardar dalilai, duka da Turanci. Dalilan suna da yawa, an ɗora su a kan jawabai iri iri da aka ce ya yi a wurare dabam dabam da ranaku dabam dabam. Harikisan ya yi karatun Hindi har aji bakwai, Turancinsa bai taka kara ya karya ba. Ya rubuta ya roƙa a ba shi fassara da Hindi don ya iya ba da amsa. Majistare ya ƙi. Ya ce Turanci shi ne harshen hukuma, kuma ɗan sandan da ya kai takardar ya riga ya fassara masa da baki. Babbar Kotun Bombay ta goyi bayan Majistare.

Magana ta kai Kotun Ƙoli, joji biyar suka zauna a kanta, Babban Joji B. P. Sinha yana shugabanta. A watan Janairu na 1962 suka yanke hukunci. Suka ce sanarwar da Tsarin Mulki ke nufi ita ce ilmin dalilan ya shiga kan mutum sosai, har ya iya ba da amsa mai amfani. Miƙa takarda kawai bai cika wannan ba. Fassarar baka ma ba ta isa ba, domin babu mai iya riƙe jerin ranaku da wurare da maganganu daga ji guda, balle wanda aka kama yanzu hankalinsa a tashe. Suka ce wanda ba ya jin Turanci a ba shi dalilan da harshen da ya ke ji, in kuwa ya iya karatu, a cikin irin rubutun da ya iya karantawa. Da ya ke ba a yi haka ba, tsarewar ta ɓaci, aka ba da umurni a saki Harikisan.

Abin lura a nan shi ne, kotu ba ta bincika ko ya yi jawaban ko bai yi ba. Abin da ta duba shi ne an toshe masa hanyar kare kansa. Rashin sani ya fi dare duhu. Mai takarda da harshensa zai zauna ya karanta sau goma, ya tuna cewa ran kaza yana wani gari, ko kuwa maganar da aka jingina masa ta wani ce, ya rubuta ya aika. Wanda aka ba takardar da ba ya iya karantawa kuwa, an ba makaho madubi ne.

Sauran shari'u suka bi wannan sawu. A 1968, a shari'ar Hadibandhu Das na garin Cuttack, kotu ta ce rashin ba shi fassara da harshen Oriya cikin lokaci ya tauye masa hakkinsa. A 1970, a shari'ar Chaju Ram ta Jammu da Kashmir, kotu ta ce wanda bai iya karatu ba sam wajibi ne a yi masa bayani da harshensa tun da wuri.

Duk da haka takunkumin ya taɓa tsinkewa. A watan Yuni na 1975 Firayim Minista Indira Gandhi ta sa aka kafa dokar ta-ɓaci. Aka tsare mutum fiye da dubu ɗari, aka gyara doka yadda ba sai an faɗa wa tsararre dalili ba. A 1976 joji huɗu cikin biyar na Kotun Ƙoli suka ce muddin dokar ta-ɓaci na aiki, tsararre ba shi da ikon neman kotu ta sake shi. Joji H. R. Khanna kaɗai ya ƙi. Da lokacin naɗa Babban Joji ya zo aka tsallake shi, ya ajiye aiki. A zaɓen 1977 jama'a suka ka da Gwamnatin, a 1978 aka gyara Tsarin Mulki yadda ko a lokacin ta-ɓaci ba za a dakatar da hakkin rai da 'yancin mutum ba. A 2017 Kotun Ƙoli ta ce Khanna ne ya yi daidai.

Tsarewar rigakafi dai ba ta ƙare a Indiya ba. Dokar Tsaron Ƙasa ta 1980 ta yarda a tsare mutum har wata 12, ta ce a ba shi dalilai cikin kwana biyar, ko fiye da haka in da uzuri mai ƙarfi, kuma ba ta ba shi ikon zuwa da lauya gaban kwamiti ba. Wato daga cikin kalmomi ukun nan na 1919, wakili har yanzu da saura. Dalili kuwa an same shi, kuma hukuncin 1962 ya tabbatar da cewa sai an kawo shi da harshen mai shi. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ma, a sashe na 35, ya ce duk wanda aka kama ko aka tsare a sanar da shi dalili a rubuce cikin awa 24, da harshen da ya ke ji. Wanda ya koyi karatu da rubutu shi ne zai fi cin amfanin wannan hakki, domin shi ne zai karanta takardar da idonsa, ya rubuta amsa da hannunsa.