Tsofaffin Kayan Ɗaki da na Fada a Ƙasar Katagum: Tarihin Sayensu da Ƙimanta Su

A ƙasar Katagum, kamar sauran ƙasashen Hausa, tsufa bai kasance cikin abubuwan da ke ƙara wa kaya kuɗi ba sai a ƙarni na 20, domin kafin nan abin da mai saye ke dubawa shi ne nauyin ƙarfen da aka ƙera abu da shi, da yawan aikin da aka zuba masa, da kuma, idan kayan fada ne, martabar wanda ya bayar da shi. Ra'ayin cewa akushi ko tasa ko riga za su yi tsada saboda sun daɗe kawai baƙon ra'ayi ne da ya zo tare da Turawa, kuma karon da aka yi tsakanin waɗannan ma'aunai biyu shi ya tantance abin da ya saura a gidaje, da abin da ya tafi ƙetare, da abin da aka narkar.

Malam Ibrahim Zaki, ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓi tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, shi ya kafa masarautar Katagum bayan ya ci tsofaffin ƙasashen Shira da Tashena, ya kuma taɓa kame Birnin Gazargamu na ɗan lokaci, abin da ya sa magadansa suka riƙe laƙabin Sarkin Borno bayan rasuwarsa a 1814. Zaman ƙasar tsakanin Kano da Borno ya sa kayan ɓangarorin biyu suke haɗuwa a kasuwanninta. Lokacin da Bature mai yawon bincike Hugh Clapperton ya iso Katagum a watan Janairu na 1824, zamanin Sarki Ɗankauwa, ya lura cewa a nan ne ya fara ganin ana ciniki da wuri, alhali a Borno, inda ya fito, ƙyallen saƙi ne ke zaman kuɗi. Wannan na nuna cewa tun farko ɗan kasuwar Katagum ya saba auna abu ɗaya da ma'auni biyu. Turawan Ingila sun karɓe ƙasar a 1903, sannan a 1916 aka mayar da hedikwatar masarautar daga tsohon garin Katagum zuwa Azare, wadda ke kan hanyar Kano zuwa Maiduguri.

Mai neman tsofaffin kujeru da tebura irin na Turai zai yi ta nema a banza, saboda zaman gidan Bahaushe zaman ƙasa ne, a kan tabarma da buzu da darduma. Gadon ƙasa da laka ake gina shi a jikin ɗaki, ba ya ɗaukuwa. Gadon kara da na tukurwa kuwa ba a yi su don su wuce 'yan shekaru ba. Abin da aka sassaƙa da itace kuma, kamar kujerar tsugunno ta mata da akushi da turmi, gara da gobara sun cinye mafi yawansa, sai dai irin turmin ƙirya mai taurin gaske. Dukiyar ɗaki ta taru ne a cikin jere, wato kayan da ake shirya wa amarya ɗaya bisa ɗaya a jikin bango, waɗanda ke zama ado a idon 'yan ganin ɗaki, su kuma zama ajiya a hannun mai su, domin mallakinta ne ita kaɗai, tana iya sayar da su ranar da buƙata ta taso ba tare da neman izinin kowa a kan kuɗinsu ba.

Jere ya sha sauyi, kuma kowane sauyi ya rage darajar abin da ya gabace shi. Ƙoren da aka yi wa zane da wuƙa ko da ƙarfe mai zafi su ne na farko, tare da faya-fayai da adudu, wato kwandon saƙa mai murfi da ake adana tufafi a ciki. Masu hali sun ƙara da tasoshin tagulla, waɗanda mafi shahararsu aikin maƙeran Bida ne a ƙasar Nufe. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, kuɗin gyaɗa da auduga suka shiga hannun talakawa, sai kwanukan fenti irin su langa da kwalla da samira suka mamaye ɗakuna, da fari daga masana'antun Turai da Hon Kon, daga baya kuma daga masana'antun cikin gida, tare da gadon ƙarfe mai rumfa. Su ma daga bisani tangaran da kabet da gadon katako suka ture su. Wadda ta riƙe kasuwar kayan jere tsawon zamani ita ce dillaliya, macen da ke shiga gida-gida tana karɓar kayan matan kulle ta kai inda za a saya, a ba ta la'ada, kuma ita ce ta san farashin kowace langa gwargwadon ko yayinta na ci ko ya wuce. A wurinta tsohon kaya kwantai ne. Wuri na biyu da ake yi wa kaya ƙima shi ne rabon gado, inda ake kiran masana kasuwa su sa wa kowane abu kuɗi kafin a fitar da rabon kowane magaji, a da kuma har da ushira, wato kashi ɗaya cikin goma da hukuma ke ɗauka. Ƙimar da ake yi a nan ita ma ta abin da kasuwar gari za ta biya ce a ranar, shi ya sa tasar da ta shekara ɗari kan tashi a kuɗin nauyinta.

Kayan fada sun bi wata ƙa'ida dabam. Tambari da kakaki da takobi da sulke da lifidi, wato rigar yaƙi mai cushen auduga ta doki da mahayinsa, da sirdi da likkafar tagulla, da manyan riguna masu aikin aska takwas da alkyabba, ba kasuwa ke raba su ba, kyauta ce da naɗi ke raba su, saboda haka darajar riga tana ga sarkin da ya tuɓe ta ya bayar da kuma ranar da ya bayar. Da yawa daga cikinsu ma baƙi ne tun asali: Bature mai yawon bincike Heinrich Barth, wanda ya ziyarci Kano a 1851, ya ambaci ruwan takubba da ake kawowa daga Solingen ta ƙasar Jamus ta hanyar Sahara, a yi musu ƙota da kube a gida. Binciken da A. D. H. Bivar ya wallafa a 1964 a kan makamai da sulkunan fadodin Jihar Arewa ya nuna yawan abin da za a iya karantawa daga ƙirar zobban sulke kaɗai. Irin waɗannan kaya sun fi kayan mata tsira, ba don sun fi su kyau ba, sai don hawan salla na buƙatarsu kowace shekara.

Sabuwar kasuwa ta buɗe ne lokacin da fatake suka gane cewa jami'an mulkin mallaka da matansu na biyan kuɗi mai kauri a kan abin da gari ya yar, sai suka riƙa kai kaya har ƙofar gidajensu suna bajewa. Daga nan sana'ar ta bazu, ta kama rumfuna a Kasuwar Kurmi ta Kano, ta kai Legas da Abijan, inda Christopher Steiner ya yi nazarin dillalan kayan tarihi, Hausawa da yawa a cikinsu, a littafin da ya fitar a 1994. Garuruwa irin su Azare sun zama wuraren tsinta, inda ƙananan 'yan koli ke saye da arha su miƙa wa manya. Da yake mai saye na ƙarshe tsufa yake nema, sai aka koyi ƙirƙirar tsufan da hayaƙi da toka da mai da binnewa a ƙasa.

Gane na gaske daga jabu ya dogara ne ga alamun da ke da wuyar kwaikwayo. Akushin da aka daɗe ana ci a cikinsa yakan side a inda hannu ke kamawa da inda gindinsa ke gogar ƙasa, ɗinkin da aka yi wa tsagarsa kuma shaida ce mai ƙarfi, domin ba a gyara abin da ba a amfani da shi. Tsohuwar tasa tana ɗauke da sawun guduma a cikinta, kaurinta ba ya zuwa daidai ko'ina. Rigar saƙi ta dā an haɗa ta ne daga siraran ƙyallaye da zaren da aka kaɗa da hannu, wanda kaurinsa ke hawa da sauka. Alƙur'ani rubutun hannu, musamman mai rubutun Barnawa da ya yawaita a wannan yanki, ana ɗaga takardarsa ga haske a nemi tambarin da masana'anta ta saka a jikinta, wanda sau da yawa jinjirin wata uku ne na takardun Italiya da suka cika kasuwa a ƙarni na 19. Kwanan wata kansa na iya yaudara: liyari, dalar azurfa mai hoton Sarauniya Mariya Tariza ta Ostiriya da maƙeran farfaru ke narkarwa su yi mundaye, duk wadda aka buga bayan rasuwar sarauniyar, shekarar 1780 ce a jikinta, ko da an buga ta a ƙarni na 20.

Hukuma ta shigo da nata ma'aunin da dokar kayan tarihi ta 1953, sannan doka mai lamba 77 ta 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wadda ta ɗauki duk aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, ta hana fitar da shi ba tare da izini ba, ta kuma taƙaita cinikinsa ga wakilan da aka amince da su. Bisa wannan, duk aikin gida da aka ɗauko daga tsohon Katagum zuwa Azare a 1916 yana ƙarƙashin kariyar doka, amma langa da gadon ƙarfe, waɗanda su ne tarihin ɗakin mace na ƙarni guda, ba su shiga ba. Dokar kuma an tsara ta ne da tunanin mai fitar da kaya ƙetare, ba ta hango ɗan gwangwan da ke yawo unguwa-unguwa da sikeli ba, wanda ke sayen tasar Bida da likkafa a kan kilo ya tura su inda za a narkar, cikin cinikin da mai sayarwa da mai saye duka ke ganin halal ne, kuma babu rajistar da ke rubuta abin da ya bi ta hannunsa.