Babi na Uku: 'Yan Doka da Baitulmalin En'e a Jihar Arewa

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin dogarai da matsayinsu a fadar sarakuna kafin zuwan Turawa. A wannan babi kuwa za a dubi 'yan dokar En'e ta fuska biyu, wato daga ina kuɗin tafiyar da su ke fitowa, kuma wa ke da ikon tuhumarsu idan sun saɓa. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, talakan da ya ɗauki nauyin ɗan doka da harajinsa bai taɓa samun bakin magana a kan aikinsa ba, ko a zamanin En'e ko bayanta.

3.1 Tushen Kuɗin

Kafin a kafa baitulmali dogari ba shi da albashi tsayayye. Sarki ne ke ci da shi, ya tufatar da shi, sauran kuwa sai abin da ya samo a wurin aike. Wannan ya fara canzawa lokacin da Razdan Palmer ya gwada tsarin baitulmali a Katsina a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, daga baya wajen 1911 aka bazu da shi zuwa sauran manyan masarautu. A tsarin farko, akan raba haraji da jangali gida biyu a manyan En'o'i, rabi na gwamnati rabi na baitulmali. Daga wannan rabin ne ake biyan sarki da hakimai da alƙalai da ma'aikatan gidan yari da kuma masu tsaro.

Ke nan tun daga tushe tsaron gari ya zama wani layi ne a cikin kasafin kuɗin En'e na shekara, yana gogayya da rijiya da asibiti da makarantar elementare. Ma'aji ne ke riƙe da littattafai, amma kasafin ba ya aiki sai Razdan ya duba, gwamnati ta amince. Bature ya ga riba a nan ƙwarai. Rundunar 'Yan Sandan Nijeriya, wadda aka haɗe ta wuri guda a 1930, ba ta da yawan da za ta game ƙasar Arewa, sai aka bar ta da bariki da layin dogo da wasu manyan laifuffuka. Birni da ƙauye kuwa aka bar wa En'e, ita ce za ta ɗauki ma'aikata, ta ɗinka masu kaki, ta sayi kulki da ankwa, ta gina caji ofis. Ma'ana, gwamnatin mulkin mallaka ta sami tsaro a araha, domin ba daga aljihunta ake biya ba.

Illar wannan tsari ita ce, ƙarfin tsaro ya dogara ga ƙarfin baitulmali. En'e mai yawan jama'a da gyaɗa da auduga kamar Kano za ta iya riƙe runduna babba mai horo, ƙaramar En'e kuwa sai ta haƙura da 'yan ƙalilan masu ɗan albashi. Shi kuwa ma'aikacin da albashinsa bai kai masa wata ba, sanin kowa ne inda yake cike giɓin: a kasuwa, da bakin hanya, da gidan wanda aka aike shi ya kamo.

3.2 Ikon Sa Ido

A shekarun 1920 aka shiga gyaran rundunar, aka ware wasu daga aikin fada aka ba su inifam da fareti. A Kano an kira su 'Yan Gadi, amma sunan da ya bi gari a Arewa shi ne 'Yan Doka. Matsalar da Turawa suka hanga ita ce mutane ba sa ganin girman aikin, saboda an saba ganin bayin sarki ne ke yin sa. Maganin da suka kawo shi ne a ɗora 'ya'yan sarki a kan rundunar. Alal misali, Usman Nagogo ɗan Sarki Dikko ya zama shugaban 'yan dokar Katsina a 1929, kafin ya zama Magajin Gari, sannan ya hau gadon sarauta a 1944. Haka ma Ado Bayero ya riƙe muƙamin Wakilin Doka na Kano daga 1957 zuwa 1962, a zamanin yayansa Sarki Muhammadu Sanusi, ya kuma zama sarki a 1963.

Babu shakka wannan dabara ta ɗaga darajar aikin. Sai dai idan aka dube ta da idon mai biyan haraji, ta toshe ƙofar ƙara ne. Talakan da ɗan doka ya mara, ina zai kai kuka? Wakilin Doka ɗan sarki ne ko ƙanensa. Alƙalin da zai saurari maganar ma'aikacin En'e ne, daga baitulmali guda ake biyansu shi da ɗan dokar. Gidan yarin ma na En'e ne. Saura Di'o, wanda ganinsa sai da tafinta, shi kuma aikinsa na farko shi ne ya kare martabar sarkin da gwamnati ke mulki ta hannunsa. Ba a nufin duk shugabannin 'yan doka azzalumai ne, hasali ma an yaba wa wasunsu da tsare gaskiya. Abin lura shi ne adalcin ya rataya ne ga halin mutum, babu wata hukuma da za ta tilasta shi.

A watan Agusta na 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo ƙudurinsa a Majalisar Jihar Arewa yana neman a yi wa En'e garambawul. Gyare-gyaren da suka biyo baya, har zuwa Dokar En'e ta 1954, sun rage ikon sarki shi kaɗai, suka haɗa shi da majalisa, aka kuma riƙa raba wa 'yan majalisar sassan aiki, har da sashen 'yan doka. An kuma ƙara tura su kwas Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna, ana aro jami'an 'Yan Sandan Nijeriya su ba da shawara. Amma gyaran ya zo daidai da shigowar siyasar jam'iyyu, kuma manyan En'e akasarinsu 'yan NPC ne. Magoya bayan NEPU, wadda aka kafa a Kano a wannan wata na Agusta 1950, su ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu. En'e ce ke ba da izinin lacca, ɗan dokarta ne ke watsa taron da ba shi da izini, alƙalinta ne ke ɗaurewa. Ɗan NEPU kuwa harajinsa na cikin albashin mutanen nan uku.

3.3 Rushewar Rundunar

Hukumar Willink, wadda ta binciki koken ƙananan ƙabilu ta ba da rahoto a 1958, ta fi karkata ga runduna guda ta tarayya. Duk da haka tsarin mulkin 1960 da na 1963 sun bar wa jihohi damar riƙe 'yan sandan ƙananan hukumomi, Arewa da Yamma suka ci gaba da nasu. Sai da soja suka karɓi mulki a 1966 Janar Ironsi ya sa su ƙarƙashin umarnin Sufeto Janar, ya kuma naɗa kwamitin Yusuf Gobir ya duba makomarsu da ta gidajen yari. Gwamnatin Gowon ta karɓi shawarar haɗewa. Daga 1968 aka fara tantance 'yan doka, waɗanda suka cancanta aka shigar da su 'Yan Sandan Nijeriya, sauran aka sallame su.

Mutane da yawa sun yi murna, kuma suna da hujja. Amma abin da aka yi shi ne an ɗauke iko daga fada an kai Ikko, ba a sauko da shi wurin jama'a ba. Tsarin mulkin 1979 ya haramta kafa wata rundunar 'yan sanda ban da ta tarayya, na 1999 ya maimaita haka a sashe na 214. Sashe na 215 ya ba gwamna damar bai wa Kwamishinan 'Yan Sanda umarni, sai dai ya bar wa kwamishinan ƙofar neman a miƙa maganar ga Shugaban Ƙasa kafin ya aiwatar. Nauyin kuɗi kuma bai bar gida gaba ɗaya ba. Gwamnatocin jihohi sun ci gaba da sayen motocin sintiri da mai da na'urorin sadarwa, har Jihar Legas ta kafa asusu na musamman don haka a 2007. Shugaban ƙaramar hukumar da ya gyara wa Difi'o mota ba shi da ikon ganin takardun aikinsa, balle ya nemi a canja shi.