Wuraren Tarihi Da Labaran Baka A Hanyoyin Birnin Katsina

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilimi, amma fa ga wanda ya yi ta ido buɗe. Mutumin da ya shiga mota a Kano ya kama gyangyaɗi, bai farka ba sai da yaron mota ya ce ga Katsina, ya ci kilomita wajen 170, amma da jahilcinsa ya hau, da shi kuma ya sauka. Maƙasudin wannan maƙala shi ne mu bi manyan hanyoyin da suka shiga birnin Katsina, ta Dikko ɗakin kara, mu tsaya a wasu wurare da matafiyi kan wuce, mu jera abubuwa biyu a kowane wuri, wato abin da mutanen wurin ke faɗa, da kuma abin da takarda ko ƙasa ta tabbatar. A ganinmu marubuci yana bukatar duka biyun, da sharaɗin ya san wanne ne wanne, ya kuma sanar da mai karatunsa.

Hanyar Kano

Wanda ya taso daga Kano zai wuce Bichi da Tsanyawa, ya faɗa ƙasar Katsina, ya ratsa Gidan Mutum Ɗaya da Kankiya da Caranci da Rimi da Batagarawa. Gabas da wannan hanya, a ƙasar Bindawa, akwai ƙauyen Dallaje, mahaifar sunan Malam Ummarun Dallaje, ɗaya daga cikin malamai uku da suka jagoranci jihadi a ƙasar Katsina. Sauran biyun su ne Ummarun Dumyawa da Muhammadu Na Alhaji. Bayan birni ya faɗi a hannunsu wajen 1807, Ummarun Dallaje ne ya zama sarki, zuriyarsa kuma suka riƙe sarautar har shekara ta 1906.

Rimi kuwa mazaunin Ƙauran Katsina ce, wanda a zamanin da shi ne jagoran mayaƙan sarki, kuma yana cikin masu zaɓen sarki. Saboda haka matafiyin da ya wuce Rimi ya zo ya shiga birni ta Ƙofar Ƙaura, ya haɗu da sarauta guda sau biyu a cikin rabin sa'a. Haka abin yake ga wasu ƙofofin: 'Yanɗaka yana Dutsin-ma, Durɓi a da yana Mani, kowannensu kuma da ƙofar da ke ɗauke da sunansa. Ashe sunayen ƙofofin nan da muke ji a bakin 'yan kamasho taswirar mulkin ƙasar ce tun ta dauri.

Ita ganuwar da ƙofofin ke jikinta ana danganta faɗaɗa ta ga Sarki Ali Murabus a ƙarni na 16. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo Katsina a 1851, ya ƙiyasta kewayenta mil 13 zuwa 14. Ya ce filin da ke ciki zai iya ɗaukar mutum dubu 100, amma waɗanda ya tarar ba su wuce dubu 7 ko 8 ba, don kuwa yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadi sun kori fatake zuwa Kano. A yau mafi yawan ganuwar ya tafi. Ruwan sama ya ci rabonsa, masu yin tubali da masu neman fuloti sun ci nasu, ƙofofin kuma an sake gina su da siminti.

Gidan Korau Da Gobarau

A tsakiyar birni fadar sarki take, wadda har gobe ake kira Gidan Korau. Abin da ake faɗa shi ne, sarakunan farko, tun daga Kumayau jikan Bayajidda har zuwa Sanau, can gabas suka zauna. Shi Korau baƙo ne daga 'Yanɗoto, wadda ke kusa da Tsafe a Jihar Zamfara ta yau. An ce bisa al'adar lokacin sarki kan fito kokawa a gindin wata tsamiya, kuma ba a taɓa kai bayan Sanau ƙasa ba saboda wata laya da yake ɗaurawa. Matarsa ce ta ci amanarsa ta raba shi da layar. Ranar kokawa Korau ya ɗaga shi ya kayar, ya zare gajeren takobi ya yanka shi, ya gaje gadon.

Takobin nan, Gajere, yana nan cikin kayan sarautar Katsina, kuma akwai rubutun Larabci a jikinsa. Wannan abu ne da ido ke gani. Batun laya da matar sarki kuwa sai dai a ce an ce. Amma malaman tarihi ba su watsar da labarin ba. Sun lura cewa 'Yanɗoto gari ne na malamai da fatake, don haka suka fahimci kokawar a matsayin hoton yadda mulki ya fita daga hannun Durɓawa masu bautar iskoki ya koma hannun wani sabon rukuni mai alaƙa da kasuwanci da Musulunci. Game da zamanin Korau an sha bamban. Wasu sun sa shi a tsakiyar ƙarni na 14, wasu kuma, irin su Dakta Yusufu Bala Usman wanda littafinsa kan tarihin Katsina ya fito a 1981, sun kai shi ƙarni na 15.

Tafiya kaɗan daga fada sai hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa mai tsawon ƙafa 50 ko kusa da haka, wadda ita ce ta rage daga tsohon masallacin Juma'a. An ce lokacin da za a gina masallacin malamai sun yi ta gardama kan alƙibla, sai wani baƙon malami, Jodoma, ya nuna wani sashe da sandarsa, nan take jama'a suka hangi Ka'aba. Sarki ya naɗa shi liman, daga baya mahassada suka shiga tsakani aka kore shi, ya tafi Guga ya rasu a can. Ta fuskar takarda kuwa, mun san Shaihu Al-Maghili ya ziyarci Katsina a shekarun 1490, mun kuma san Imamu Suyuɗi na Masar, wanda ya rasu a 1505, ya aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim da wasiƙar nasiha. Garin da irin waɗannan malamai ke hulɗa da shi, ba abin mamaki ba ne a ce malamansa sun yi jayayya kan alƙibla. Ummarun Dallaje ya gina sabon masallaci aka bar Gobarau, sai a zamanin Sarki Dikko aka yi wa hasumiyar gyara.

Waliyyan Katsina

Kafin matafiyi ya bar birni ya kamata ya nemi kushewun waliyyai uku: Ɗantakum da Ɗanmarina da Ɗanmasani. Ɗantakum shi ne ake ɗauka malamin nan Aida Ahmad, wanda ya yi karatu a Masar da Makka, ya zama alƙalin Katsina, ya rasu wajen 1529. Ɗanmasani, wanda unguwar Masanawa ke tunawa da shi, ya rasu a 1667, ya bar littattafai na Larabci, kuma an ce addu'arsa ce ta mayar da rundunar Kwararrafa baya.

Labarin Ɗanmarina ya fi kowanne daɗin ji. An ce mahaifiyarsa ta rasu da cikinsa aka binne ta, ya zamana a kabari aka haife shi, kullum dare yakan fito ya yi wasa a karofi ya ɓata wa marina baba, har mai karofin ya yi kwanto ya kama shi ya raine shi. A littattafan Larabci kuwa sunansa Ibnus Sabbagh, wato ɗan mai rini, kuma akwai waƙar da ya yi ta yabon Mai Ali na Barno kan nasarar da ya samu a kan Kwararrafa. Dubi yadda sunan guda ya haɗa labarin baka da rubutacciyar shaida. A maƙabartar da ke ɗauke da sunansa aka binne Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2010.

Hanyar Gabas

Wanda ya fita gabas ya nufi Mani zai iya ratsewa zuwa Durɓi ta Kusheyi, kimanin kilomita 30 daga birni. Babu gini a wurin, sai wasu tuddai a cikin gonaki, waɗanda baƙo zai ɗauka tsibin ƙasa ne kawai. Tun kaka da kakanni mutanen yankin ke cewa kaburburan sarakunan farko ne, sunan wurin ma abin da yake faɗa ke nan.

A 1907 Baturen mulki H. R. Palmer ya tona wasu daga ciki, shekara guda bayan naɗa Muhammadu Dikko, wanda shi kansa Durɓi ne kafin ya zama sarki. A 1992 hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta sake tona guda uku. Aka sami gawawwaki da kayan alfarma: mundayen hauren giwa, duwatsun wuya, wuri, kayan ado na zinariya, da tasoshin ƙarfe, cikinsu har da ƙirar ƙasashen Gabas ta Tsakiya. An kai kayan Jamus an gyara, aka nuna su a birnin Mainz a 2011. Binciken ya nuna kaburburan sun faro daga wajen ƙarni na 13 ko 14 zuwa na 16.

A nan ne darasin ya fi fitowa fili. Tsofaffi sun yi gaskiya, manyan mutane ne ke kwance a wurin. Ƙasa kuma ta ƙara abin da tsofaffi ba su faɗa ba, wato waɗannan mutane suna da hannu a cinikin da ya ratsa Sahara, tunda wuri daga tekun Indiya yake fitowa. Amma ƙasa ba ta ambaci sunan kowa ba. Kumayau da Sanau a bakin mutane kaɗai suke. Hausawa kan ce gani ya kori ji, to a Durɓi ta Kusheyi ji ne ya yi wa gani jagora, don da ba a ji ba da ba a tona ba.

Hanyoyin Arewa Da Yamma

Daga Ƙofar Sauri hanya ta miƙe arewa zuwa Kaita da Ɗankama a bakin iyakar Nijar. A Ɗankama ne sarakunan Haɓe suka ja daga bayan sun rasa birni, kuma an ce a nan Sarki Magajin Haladu ya faɗa rijiya don baƙin cikin kayen da aka yi masa. Magajinsa Ɗankasawa ya nufi Damagaram, daga bisani ya kafa mulki a Maraɗi. Shi ya sa har yau sarkin can ake ce masa Sarkin Katsinan Maraɗi. Wanda ya fita ta Ƙofar Guga ya bi ta Jibiya ya ƙetara iyaka, ya sani rabin tarihin Katsina ne ya je ya tarar a can.

Ƙofar 'Yanɗaka kuwa ta nan Gwamna Lugga ya shigo a 1903, Sarki Abubakar ya karɓe shi ba tare da an yi yaƙi ba. Shekara 18 bayan haka, a 1921, aka kafa Kwalejin Katsina, Gwamna Clifford ya buɗe ta a 1922. Ginin ƙasar yana nan a Rafukka, an mai da shi gidan tarihi. Sardauna Ahmadu Bello ya yi karatu a ciki, haka Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam, Malam Bello Kagara kuma ya koyar. A gasar rubutu ta 1933 da Dakta R. M. East ya shirya, uku daga cikin littattafai biyar da aka buga na mutanen wannan gida ne: Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Bello Kagara labaran yaƙin Kwantagora ya ɗauka ya gina Ganɗoki a kai, Tafawa Ɓalewa kuma ya bi hanyar cinikin bayi ta Sahara. Iyayen gidanmu a wannan sana'a da tsohuwar zuma suka yi magani.

Kammalawa

'Yan'uwa marubuta, kayan aikin nan ƙarewa suke yi. Ganuwa ta kusa shafewa. Tun daga shekarun 2010 ta'asar 'yan bindiga ta tashi ƙauyuka da dama a yankunan Batsari da Jibiya da Safana, kuma duk ƙauyen da ya watse, tsofaffinsa da labaransu suke watsewa. Mu da ke koyarwa muna gani a aji: yaro ya tashi a gindin Gobarau, amma sunan Jodoma bai taɓa shiga kunnensa ba.

Shawararmu ita ce, duk wanda tafiya ta kama a cikinmu ya riƙe littafi da alƙalami, ko ya ɗauki murya a wayarsa. Ya nemi izinin mai unguwa, ya tambayi mutum fiye da ɗaya, ya rubuta ranar da wurin, in ruwayoyi sun saɓa ya kawo su duka kada ya zaɓi wadda ta fi masa daɗi. In ƙagaggen labari zai rubuta, ya sarrafa yadda ya so, filinsa ne. In kuwa tarihi ne, to ya bar "an ce" a inda aka ce, ya sa shekara a inda take da madogara, domin ɗalibin da zai karanta gobe abin da ya gani a takarda shi zai ɗauka gaskiya. Mun ɗauki Katsina ne don misali. Muna fata 'yan'uwa na Daura da Zariya da Kano da Damagaram za su kawo mana na hanyoyinsu a fitowa ta gaba. Allah ya kai mu, ya kuma sauke kowane matafiyi lafiya, amin.