Sauraron wayoyin jama'a ba tare da izinin kotu ba: Tarihin taƙaddamar tsaro da 'yancin sirri a Amurka

Sauraron waya ba tare da izinin kotu ba shi ne hukumar tsaro ta saurari hirar mutane, ko ta karanta saƙonninsu na waya da intanet, alhali babu alƙalin da ya duba hujjojinta ya ba ta takardar izini. A Amurka batun ya fi zafi bayan harin 11 ga Satumba, 2001. Kusan kowa ya yarda gwamnati ta bibiyi 'yan ta'adda. Inda aka rabu shi ne kan wanda ke da hurumin ba da izinin: shugaban ƙasa shi kaɗai, ko kuwa alƙali.

Asalin dokar

Gyara na Huɗu a kundin tsarin mulkin Amurka, wanda ya fara aiki a 1791, ya haramta binciken mutum ko gidansa ko takardunsa ba bisa dalili ba, ya kuma ce ba za a ba da izinin bincike ba sai da ƙwaƙƙwarar hujja. A 1928 Kotun Ƙoli ta ce sauraron waya bai shiga cikin wannan hani ba, tun da jami'ai ba su taka cikin gidan kowa ba. A 1967, a shari'ar Katz, kotun ta sauya matsayi, ta ce mutum doka ke karewa, ko da a rumfar wayar bakin titi yake magana. A 1972 kuma ta yanke cewa ko da sunan tsaron cikin gida ne, sai an nemi izinin alƙali.

Binciken da kwamitin Sanata Frank Church ya gudanar a 1975 da 1976 ya tono yadda hukumar FBI ta yi ta sauraron Martin Luther King, da yadda Hukumar Tsaron Ƙasa, wato NSA, ta shafe shekara kusan 30 tana karɓar kwafin telegiram na mutane daga kamfanoni. Wannan ya haifar da dokar leƙen asirin ƙasashen waje ta 1978, wadda aka fi sani da FISA. Dokar ta kafa kotu ta musamman mai zama a asirce, inda gwamnati za ta je ta nuna cewa wanda take son saurare wakilin wata ƙasa ce ko wata ƙungiyar waje. Ta kuma bar ƙofar gaggawa: a fara sauraro, a nemi izinin daga baya cikin ƙayyadadden lokaci.

Umarnin sirri na 2001

A farkon Oktoban 2001, Shugaba George W. Bush ya sa hannu kan umarnin sirri da ya ba NSA damar sauraron kira da karanta saƙonnin da ke tsakanin Amurka da ƙasashen waje, idan ana zargin ɗaya daga cikin masu maganar yana da alaƙa da al-Ƙa'ida, ba tare da an bi ta kotun FISA ba. Ana sabunta umarnin kusan duk bayan kwana 45. Shirin, mai laƙabin Stellar Wind, ya haɗa har da tattara bayanan kira masu ɗimbin yawa: lambar da ta kira, wadda aka kira, lokaci da tsawon hirar.

Ko a cikin gwamnatin kanta ba a yi baki ɗaya ba. A Maris na 2004, James Comey, wanda ke riƙon muƙamin ministan shari'a, ya ƙi amincewa da halaccin wani ɓangare na shirin. Manyan jami'an fadar White House biyu suka je asibiti wurin ministan, John Ashcroft, yana kwance, don ya sa hannu, shi ma ya ƙi. Sai da manyan jami'an ma'aikatar suka yi shirin ajiye aiki sannan Bush ya yarda aka yi gyara.

Jama'a ba su san da shirin ba sai a ranar 16 ga Disamba, 2005, lokacin da jaridar New York Times ta wallafa labarin, bayan ta riƙe shi kimanin shekara guda bisa roƙon gwamnati.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Gwamnatin Bush ta dogara da ikon shugaban ƙasa na babban kwamandan askarawa, da kuma ƙudurin da majalisa ta zartar a Satumban 2001 na amfani da ƙarfi kan waɗanda suka kai harin. Ta ce bin matakan kotu na cin lokaci, maharan kuwa ba sa jira. Misalin da ta fi kawowa shi ne na biyu daga cikin maharan 11 ga Satumba da suka zauna a San Diego suna magana da wani gida a Yaman da ake sa wa ido, ba a gane cewa suna cikin Amurka ba.

Masu suka, ciki har da ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU da wasu sanatocin jam'iyyun biyu, sun ce dokar 1978 ta fayyace cewa ita ce kaɗai hanyar da za a bi, kuma kotun FISA da wuya take ƙin buƙatar gwamnati. A ganinsu, idan mai bincike shi ne kuma mai ba kansa izini, babu wanda zai tsawata masa ranar da ya wuce gona da iri.

Abin da kotuna da majalisa suka yi

A Agustan 2006, Mai shari'a Anna Diggs Taylor ta kotun tarayya a Detroit ta ce shirin ya saɓa wa tsarin mulki. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2007, bisa dalilin cewa masu ƙarar ba su tabbatar an saurare su ba. Kotun Ƙoli ta kafa irin wannan hujja a 2013, da rinjayen alƙalai 5 kan 4, a ƙarar da Amnesty International da wasu suka shigar. Nan babban ƙulli yake: sirrin da ke rufe shirin shi ne ke hana wanda aka saurara samun shaidar da zai kai ƙara da ita.

A 2008 majalisa ta yi wa FISA gyara, ta ƙara Sashe na 702, wanda ya halatta bibiyar baƙin da ke wajen Amurka ba tare da izinin kowane mutum ɗaya ba. Kotu tana duba tsarin aikin ne kawai sau ɗaya a shekara. Gyaran ya kuma kare kamfanonin sadarwa da suka taimaka wa gwamnati daga ƙararraki.

A Yunin 2013 takardun da Edward Snowden ya fitar sun nuna ana tattara bayanan kiran miliyoyin Amurkawa, ana kuma karɓar saƙonni daga manyan kamfanonin intanet ta shirin PRISM. Hukumar sa ido kan 'yancin sirri ta gwamnati ta ce a 2014 ba ta ga inda tattara bayanan kiran ya yi tasiri a zahiri wajen daƙile wani hari ba, amma ta ce Sashe na 702 yana da amfani. Jami'ai kan ambaci kama Najibullah Zazi, wanda ya shirya kai hari a jiragen ƙarƙashin ƙasa na New York a 2009. A 2015 wata sabuwar doka ta kawo ƙarshen tattara bayanan kiran a dunƙule.

Saura batun Amurkawan da saƙonninsu ke faɗawa cikin tarkon da aka ɗana wa baƙi. Wani hukuncin kotun FISA da aka saki a 2023 ya nuna FBI ta binciki rumbun bayanan ba bisa ƙa'ida ba fiye da sau 278,000. A Afrilun 2024 ƙudurin wajabta izinin kotu kafin irin wannan bincike ya faɗi a Majalisar Wakilai da ƙuri'a 212 da 212, aka tsawaita sashen da shekara biyu.

Yadda abin ya shafi Nijeriya

Ɗan Nijeriya da ke zaune a gida yana amfani da Gmail ko Facebook baƙo ne a wajen Amurka, don haka kariyar Gyara na Huɗu ba ta kai gare shi ba. A cikin gida kuwa, Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin gidaje da wasiƙu da hirar waya, Sashe na 45 kuma ya ba da damar taƙaita wannan haƙƙi saboda tsaro da zaman lafiyar jama'a. Ƙa'idojin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta fitar a 2019 sun wajabta izinin alƙali, sai dai a halin gaggawa, kamar barazana ga rai ko tsaron ƙasa, inda za a iya fara sauraro a nemi izinin cikin sa'o'i 48.