Daga Ɗakin Ango Zuwa Awon Igiya: Tarihin Gidan Farko a Rimin Gado

Wanda ya fita daga Kano ta Kabuga ya miƙi titin Gwarzo, ya wuce sabon matsugunin Jami'ar Bayero da barikin Janguza, zai fara ganin gonaki da ƙananan turakun siminti a kusurwoyinsu, wasu ma an kewaye su da layi biyu ko uku na bulo. Alama ce ta gonar da aka yanka fulotai. Gaba kaɗan, kimanin kilomita 20 yamma da birni, Rimin Gado take. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar tana da mutum 104,790 a kan faɗin ƙasa na murabba'in kilomita 225, wato sama da mutum 460 a kowane murabba'in kilomita. A irin wannan cunkoso, saurayin da ke shirin aure yana fuskantar tambayar da kakansa bai taɓa yi wa kansa ba: da wane kuɗi zai sami wurin zama?

A da, gidan farko ba abin saye ba ne. Magidanci da 'ya'yansa maza suna noma tare a gandu, suna ci daga rumbu ɗaya, kowane ɗa kuma yana da 'yar gayaunarsa da yake nomawa bayan an tashi daga aikin gandu. Idan ɗa ya isa aure, nauyin uba ne ya yi masa aure ya kuma ba shi wurin zama. Sai a ware masa sashe a cikin gida, ko a matsa danga baya a ci wani yanki na gonar da ke jikin gida. Kayan gini duk suna kusa: ƙasa daga kududdufi, tubali da hannu, azara daga giginya, kara da ciyawa daga gona, aikin kuma a yi shi da gayya. Baƙon da ya zo neman zama ya kan je wurin mai unguwa ko dagaci, ya yi gaisuwa, a nuna masa fili. Abin da ke ba mutum gida shi ne dangantaka da yardar jama'a, kuɗi na biyo baya.

Wannan ba ya nufin ba a san cinikin ƙasa ba. Yankin da ke kewaye da Kano ya daɗe da cika. Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya yaba yawan jama'ar lardin da albarkar nomansa. Ba a barin gona ta huta, ana raya ta ne da takin dabbobi da sharar birni da jakuna ke ɗaukowa a mangala. Gonar da aka shekara ana zuba wa taki dukiya ce, don haka ana gadonta, ana aronta, ana jinginar da ita, ana kuma sayar da ita. Malaman jihadi sun yi rubutu a kan lamarin. Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Ta'alimur Radi a kan hanyoyin mallakar ƙasa, bisa ƙa'idar fiƙihun Malikiyya cewa wanda ya raya mataccen fili ya fi kowa haƙƙi a kansa. Amma a kewayen Kano mataccen fili ya yi ta ƙarewa, har ya zama hanya uku ta rage wa mai neman ƙasa: gado, aro, ko saye.

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. A 1908 aka kafa kwamiti a Landan don duba sha'anin ƙasa a Arewa, a zamanin Gwamna Percy Girouard, kuma daga rahotonsa aka fitar da dokar 1910. Dokar ta ɗora dukkan ƙasar Arewa a hannun Gwamna, ya riƙe ta amana don amfanin 'yan ƙasa, ta kuma ce abin da mutum yake da shi izinin zama da amfani ne kawai. A takarda, an toshe ƙofar ciniki. A ƙauye kuwa akasin haka ya faru. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, haraji ya koma na tsabar kuɗi, malaman taki suna auna gonaki da ƙafa don yanka wa kowa nasa. Manomin da bashi ko haraji ya matsa wa sai ya jinginar da gona, idan ya kasa fansa ta zama sayarwa. Mai unguwa ya shaida, alƙali ya karɓi shaidarsa. Tun daga nan aka sami tsaga tsakanin abin da doka ta rubuta da abin da jama'a ke yi, kuma Dokar Ƙasa ta 1962 da gwamnatin Jihar Arewa ta yi ba ta ɗinke ta ba.

Gado shi ma yana nasa aikin a hankali. A ɗauki misalin magidancin da ya rasu ya bar eka 8, da mata ɗaya, da 'ya'ya maza 3 da mace 1. Matar ta ɗauki tumuni, eka 1. Kowane namiji ya sami eka 2, macen ta sami 1. Idan kowane ɗa ya bar magada kamar haka, jika zai tashi da rabin eka. A wannan matakin, matsa danga don gina ɗakin ango yana nufin rage hatsin da gida zai ci.

Masu bincike sun ga wannan da idonsu. Michael Mortimore ya nazarci ƙauyukan kewayen Kano a shekarun 1960, shi ne kuma ya shahara da bayyana yankin a matsayin karkara mai cunkoson jama'a da ke ciyar da kanta ba tare da hutar da gona ba. Polly Hill ta yi aiki a Ɗorayi a farkon shekarun 1970, ta buga littafinta a 1977. Ta tarar da manya-manyan gidaje, wasu na ɗauke da fiye da mutum 100, ta tarar da magidanta da yawa marasa gona ko masu 'yar kaɗan, da farashin gona da ya fi ƙarfin talaka. Yau Ɗorayi unguwa ce a cikin birni, gonakin sun zama lunguna. Duk mai son hango makomar ƙauyukan titin Gwarzo, Ɗorayi zai duba.

A ranar 29 ga Maris, 1978, gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta ɗauki tsarin Arewa ta shimfiɗa wa Nijeriya baki ɗaya, daga baya aka kuma cusa ta cikin tsarin mulki. Ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna. Filin da aka ayyana a matsayin birni gwamna ke ba da takardarsa, na karkara kuwa ƙaramar hukuma ke ba da izinin zama na gargajiya. Ba a sayar da fili ko a jinginar da shi sai da amincewar hukumar da ta dace. Sashe na 36 ma ya hana a yanka gonar karkara fulotai. Idan gwamnati ta karɓe fili don amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta gini ce da amfanin gona da sauran abin da aka raya, ba ta ƙasar kanta ba.

Daga nan kasuwa ta rabu gida biyu, kamar yadda kowane dillali a Kano zai faɗa: awon gwamnati da awon igiya. Na farko shi ne filin da hukuma ta tsara, da lamba da titi da takarda, yana da tsada. Na biyu shi ne gonar da mai ita ko magadansa ko wani attajiri da ya saye ta suka ja igiya suka yanka, galibi ƙafa 50 a 50 ko ƙasa da haka. Mafi yawan masu neman gidan farko a wajen gari awon igiya suke saya, saboda shi aljihunsu ya kai. Hujjarsu ita ce takardar ciniki da sa hannun shaidu da na mai unguwa.

Tsarin bashin gidaje bai isa wurinsu ba. An kafa Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya a 1977, aka kuma kafa Asusun Gidaje na Ƙasa a 1992, inda ake cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci. Amma banki yana neman takardar mallaka ta gwamnati da albashi tsayayye, manomi da ɗan kasuwar ƙauye da mai tuƙa adaidaita sahu ba su da ko ɗaya. Ga kuma ƙyamar riba, wadda bankunan Musulunci irin Jaiz, da ya fara aiki a 2012, suka zo magancewa, ko da yake su ma takarda suke tambaya. Saboda haka ake gina gidan farko da kuɗin adashi, da kuɗin sa ko rago da aka yi kiwo, da abin da aka samo a cin rani. Bana a sayi fili, baɗi a zuba harsashi, a kai linta, a jira kaka a sa kwano, a tare a ɗaki ɗaya ana ci gaba da gini.

Haɗarin da ke cikin wannan ciniki duk tarihi ne ya haife shi. Filin nan ɗaya yana ƙarƙashin hukunci uku: al'ada da ke dogara da shaidar mai unguwa da maƙwabta, shari'a da ke kare rabon kowane magaji, da dokar gwamnati da ba ta san awon igiya ba. Idan wani ya sayar da gonar gado kafin a raba, 'yar'uwarsa ko marayan ɗan'uwansa na iya zuwa kotun shari'a bayan shekaru, mai saye ya wayi gari ya yi sayen kifi a ruwa. Idan maƙwabtan iyaka ba su halarci awo ba, rigimar iyaka na jiran ranar haƙa harsashi. Idan kuma filin ya faɗa cikin hanya ko shirin da gwamnati ta riga ta zana, takardar ciniki ba za ta tsayar da rusau ba.

Don haka masu hankali a cikin masu saye kan bi hukuncin uku ɗaya bayan ɗaya kafin su biya la'ada. Su tambayi asalin gonar da yadda ta shigo hannun mai sayarwa. Su nemi takardar rabon gado, ko amincewar dukkan magada, har da mata. Su tara maƙwabtan kusurwa huɗu a gaban mai unguwa da dagaci. Sannan su je ƙaramar hukuma da ofishin filaye na jiha su tabbatar ba a ware wurin don wani aiki ba, su fara neman takarda tun ginin bai tashi ba. Kakan wannan saurayi shaidar dattawan unguwa kaɗai ta ishe shi ya kwana a ɗakinsa cikin natsuwa. Jikan yana bukatar wannan shaidar har yanzu, da ta alƙali, da hatimin hukuma a kanta.